Zauren da ba a korar kowa

Shekara uku na yi ina riƙe da wani zaure na intanet inda masu gyaran waya da masu koyo suke haɗuwa. Ba ni na kafa shi ba. Wanda ya kafa ne hidimomi suka yi masa yawa, ya dubi waɗanda suka fi yawan leƙowa, ya ɗora mini admin ko tambayata bai yi ba. Na wayi gari na ga a gefen sunan kowa an ƙara mini wasu maɓallai: goge saƙo, rufe baki na kwana kaza, cirewa gaba ɗaya. Na ɗau alkawari a raina cewa na ƙarshen nan ba zan taɓa shi ba. Ina ganin kaina mai son a bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, kuma na sha ganin yadda ƙaramin muƙami ke hawa kan mutum.

A zauren akwai wani da muke ce wa Injiniya. Gaskiya ya san aiki. Ka turo hoton cikin waya, kafin wani ya gama ƙura ido shi ya gaya maka inda wuta ta tsaya. Amma bakinsa ba linzami. Wata rana wani yaro sabon shiga ya rubuto cewa an kawo masa waya ta ƙi ɗaukar caji, ya canza batir, ya canza caja, shiru. Ya rufe da cewa, "Don Allah manyanmu a taimaka, wata biyu ke nan da na fara koyo." Injiniya ya amsa masa: "Wanda bai san ya fara duba bakin caji ba, ya ajiye sukundireba ya nemi wata sana'a." Mutum huɗu suka saka fuskar dariya. Daga baya wani ya zo ya yi wa yaron bayani a tsanake, ya ce ya haska tocila cikin bakin, ya share ƙurar da busasshen burushi, sannan ya auna da mita ya ga ko wuta na shiga. Yaron ya ce, "Na gode, Oga." Daga ranar ban ƙara ganin rubutunsa ba. Sunansa na nan a jerin mambobi, magana ce dai ya daina.

Ni da nake riƙe da maɓallan ban ce uffan ba. Na gaya wa kaina ai bai zagi uwa ko uba ba, kuma maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, bakin caji ne farkon abin dubawa. Can ƙasan zuciyata kuwa lissafi nake yi: in na taɓa Injiniya ya yi fushi ya tafi, wa zai riƙa amsa tambayoyin da suka gagari kowa? Haka muka ci gaba wata da watanni, mambobi na ƙaruwa a ƙidaya, masu tambaya na raguwa. Sai wata rana wata mata da ta riga ni shiga zauren ta aiko mini saƙo ta bayan fage, tana tambaya a kan allon waya da ke ɗaukewa yana dawowa. Na ce mata, "Malama, me ya hana ki saka a zaure kowa ya ƙaru?" Ta ce, "Malam, ni ba ni da ƙarfin a yi mini dariya da sassafe."

Tun daga ranar ra'ayina ya juya, har yau kuma bai koma ba. Babu zauren da ba a kora a cikinsa. Akwai korar da admin ke yi, wadda kowa ke gani, a ɗauki hoton allo a yaɗa, a kira shi ɗan kama-karya. Akwai kuma wadda mai kaifin baki ke yi wa mutum goma a mako ba tare da ya danna komai ba. Mai kunya ya sulale, sabon shiga ya haɗiye tambayarsa, ƙwararren da ba shi da lokacin cacar baki ya kashe ƙarar zauren ya manta da shi. Admin ɗin da ke bugun ƙirji cewa bai taɓa cire kowa ba, miƙa maɓallin ya yi ga wanda ya fi kowa rashin kunya, ya koma gefe ya naɗe hannu.

Wannan kora ta biyu tana da wuyar gani, domin dama yawancin mutanen zaure ba sa magana. A 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya yi wani ƙiyasi da ya shahara: cikin mutum 100, kusan 90 karatu kawai suke yi, 9 kan jefa baki jefi-jefi, mutum 1 ke rubuta mafi yawan abin da ake karantawa. To ka ga kunnen admin muryar mutum ɗaya ya saba ji. In ya goge saƙon wannan ɗayan, ihu zai cika ko'ina. In casa'in ɗin can suka gaji suka daina buɗewa, ko tarinsu ba zai ji ba.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma da ita nake kare kaina a da: 'yancin magana. Ina girmama shi. Amma 'yancin da tsarin mulkin ƙasashe ke karewa tsakanin mutum ne da hukuma, kada a ɗaure ka ko a rufe jaridarka don ka faɗi abin da mai mulki ba ya so. Wanda aka cire daga zauren masu gyaran waya ba a ɗaure shi ba, ba a ƙwace wayarsa ba, cikin minti biyu ma zai iya buɗe nasa ya zama sarki a ciki. Abin da ya rasa shi ne kunnuwan mutanen da wasu suka sha wahala suka tara, kuma ba ya bin kunnuwan nan bashi. Inda na yarda maganar ta fi haka nauyi shi ne manyan kafofi irin su Facebook da YouTube, masu mutane biliyoyi, inda toshe mutum kan iya zama toshe masa hanyar samu da hanyar kai kuka. Waɗancan ba su cancanci a yarda da su ido rufe ba. Maganata a kan zauren mutum ɗari biyu ne ko dubu biyar, wanda aka kafa don abu ɗaya takamaimai.

Matsalar kuma ta girmi wayoyin da ke hannunmu. Tun 1980 akwai Usenet, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro, zauruka birjik kowanne da fanninsa. Yawancin masu shiga 'yan jami'a ne, saboda haka duk watan Satumba in sababbin ɗalibai suka zo suka sami kwamfuta, sai wurin ya rikice: tambayar da aka amsa sau ɗari, rubutu da manyan baƙaƙe kamar mai ihu, saƙo a inda ba muhallinsa ba. Tsofaffi su yi ta gyara musu, bayan 'yan makonni ƙura ta lafa. Daga 1993 zuwa 1994 kamfanonin sayar da intanet, har da AOL, suka buɗe wa jama'a ƙofa, baƙi suka riƙa kwararowa kullum fiye da yadda za a iya koya musu. Tsofaffin suka sa wa zamanin suna Satumbar da ba ta ƙarewa. Akwai girman kai a cikin sunan, ban musa ba. Amma sun hango wani abu: ladabin zaure a jikin mutane yake zaune, sabo yana kwaikwayon tsoho. In tsohon da ake kwaikwayo Injiniya ne, bayan shekara za ka tarar da ƙananan Injiniyoyi ashirin da suka ɗauki bakinsa suka bar iliminsa. Mutum huɗun nan da suka saka fuskar dariya, darasi suke ɗauka.

Wasu kan ce a tilasta wa kowa amfani da sunansa na gaskiya, kunya za ta yi aikin admin. Koriya ta Kudu ta gwada. A 2007 ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan shafuka tantance mutum kafin ya yi sharhi, a 2012 kotun tsarin mulki ta soke ta, tana cewa an tauye 'yancin magana ba tare da an ga wata raguwa ta a-zo-a-gani a munanan rubuce-rubuce ba. Ni ban ma buƙaci zuwa Koriya ba. Injiniya da sunansa da hotonsa da lambarsa yake yankan mutane, yana alfahari.

Cirewar fa, tana aiki, ko kashe maciji ne ba a sare kansa ba? A 2015 Reddit, wani babban shafin intanet mai tarin zaurukan muhawara, ya rufe wasu zauruka biyu da suka yi ƙaurin suna, ɗaya na cin zarafin masu ƙiba, ɗaya na ƙin baƙar fata. Masu bincike daga Georgia Tech da wasu jami'o'i suka bi sawun mambobin, suka fitar da sakamako a 2017: da yawa sun bar shafin, waɗanda suka zauna kuma kalaman ƙiyayyarsu sun ragu da aƙalla kashi 80 cikin 100, zaurukan da suka koma ba su gurɓace ba. Ba wanda ya ce zukatansu sun wanku, wasunsu tattarawa suka yi suka koma wasu shafukan suka ci gaba. Amma admin ba gyaran zukata aka ba shi ba, ɗaki ɗaya aka damƙa masa ya kula da shi.

Kuma wane irin aiki ne! Mutane maɓallan suke gani, ba sa ganin daren. Ƙarfe ɗaya wani ya shigo da baƙuwar lamba ya zuba tallan "saka kaɗan ka kwashi da yawa" sau goma sha biyu, dole ka bi ɗaya bayan ɗaya ka goge kafin wani ya danna. Da safe hotunan furanni na barka da asuba sun binne tambayar wanda ke zaune da waya a buɗe a gabansa yana jira. Da rana mutum biyu sun fara da wane batir ya fi ƙarko, sun ƙare a asalin juna. Tun 1990 wani lauya Ba'amurke, Mike Godwin, ya lura cewa musun intanet in ya yi tsawo sai wani ya kwatanta wani da Hitler. Kowace al'umma da irin nata Hitler, hanyar zuwa wurinsa ce dai ɗaya. Ga mai sanarwar ban kwana, wanda zai rubuta sakin layi biyar cewa ya bar zauren har abada, bayan kwana uku ka ga yana ƙwanƙwasawa. Ga wanda ko roƙonsa aka yi ba ya amsa tambaya, amma wani ya kuskura ya ba da amsar da ba daidai ba, nan take zai diro da cikakken bayani. (Na ɗan ci moriyar wannan, Allah ya yafe mini: in tambaya ta kwana ba amsa, sai in jefa wadda na san gurguwa ce, in koma gefe in zuba ido.)

Duk wannan kyauta ake yi. A ƙaramin zaure ba komai, kowa da irin gudummawarsa. Inda abin ke ci mini rai shi ne a ce kamfani ke tara dukiya a kan wannan gumin. A shekarun 1990 AOL na da dubban 'yan sa-kai masu kula da zaurukansa. A 1999 wasunsu suka kai ƙara cewa aikin ma'aikata suke yi ba albashi, aka yi kimanin shekara goma kafin a sasanta a kan dala miliyan 15. Ranar 12 ga Yunin 2023 kuma masu kula da zauruka fiye da 7,000 a Reddit suka rufe ƙofofinsu, saboda kamfanin ya tsauwala kuɗi a kan hanyar da manhajojin waje ke bi su shiga shafin, manhajojin da da yawa daga cikin masu kulan ke share zaurukansu da su. Shugaban kamfanin, Steve Huffman, ya kwatanta su da masu gadon filaye, waɗanda suka riga kowa zuwa suka zauna daram ba wanda ya zaɓe su. Aka yi barazanar sauya su, yajin ya watse, a Maris na 2024 Reddit ya shiga kasuwar hannun jari.

Maganar Huffman ta yi mini zafi, amma ba zan ce ba gaskiya a cikinta ba. Ni wa ya zaɓe ni? Na ga admin da ke goge duk wanda ya fi shi sani. Na ga wanda dokokinsa sun kai talatin, ba wanda ya taɓa karantawa har ƙarshe, sai ranar da yake son cire wani ya laluɓo ta goma sha bakwai. Na ga wanda abokinsa zai yi zagi a ce wasa ne, baƙo ya yi rabin haka a yi waje da shi. Na ga wanda in an soke shi sai ya kulle zauren, shi kaɗai ke magana, mutum dubu na kallo. Masu ƙin jinin admin ba haka kawai suka tashi da shi ba, ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai maganin mugun admin an daɗe da gano shi, ɗaure masa hannu ake yi da ƙa'ida. Slashdot, shafin labarai da muhawara kan fasaha, tun ƙarshen shekarun 1990 ya riƙa raba ikon tacewa ga mambobi: a ba ka maki biyar na 'yan kwanaki, ka ɗaga sharhi mai amfani ko ka danne na banza, amma ba ka hukunci a zancen da ka sa baki a cikinsa, sannan wasu mambobin su bi bayanka su duba ko ka yi adalci. Wikipedia na da dokar da ko yaro zai iya ƙirgawa: kada ka warware gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24. A Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambaya da amsa, zaɓen masu kula ake yi, a tsaya takara a jefa ƙuri'a. Ba ɗayansu da ya zama aljanna, na ƙarshen nan ma ya yi suna wajen firgita sababbi. Amma aƙalla wanda aka hukunta na iya ɗora yatsa a kan doka ya ce ga inda aka zalunce ni.

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, makiyaya da masunta da manoman rani ta yi nazari, masu cin moriyar abu guda na kowa da kowa. Tana neman dalilin da ya sa wasu ke riƙe nasu shekaru aru-aru, wasu kuma su cinye shi ƙurmus. Cikin abin da ta gano akwai cewa masu amfani da abin suna da hannu a tsara doka, mai sa ido yana amsa tambaya a gabansu, hukunci kuma hawa-hawa ne, ana farawa daga jan kunne. Hankalin mutanen zaure ma filin kiwo ne, kowa na ci a ciki, kuma mutum ɗaya na iya ƙarar da shi.

Da na san wannan tun farko, da ban yi abin da na yi ba. Ranar da na cire Injiniya cikin fushi na yi. Ya sake yi wa wani sabon shiga irin tasa, wannan karon har da cewa iyayensa sun yi asarar kuɗin makaranta, ni kuma na danna maɓallin ban yi shawara da kowa ba. Ban taɓa jan kunnensa a fili ba, ban taɓa rufe masa baki ko na kwana ɗaya ba, babu rubutacciyar dokar da zan nuna. Kusan shekara ina kallo, rana ɗaya na yanke hukuncin ƙarshe. Zauren ya kama da wuta. Mutum wajen talatin suka bi shi, wasunsu mutanen kirki ne da suka ga an yi rashin adalci, kuma ta wani ɓangaren suna da gaskiya. Wani dattijo a cikinmu ya rubuto mini: "Ɗana, abin da ka yi daidai ne, yadda ka yi shi ne ba daidai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai ka bari ya bushe sannan ka zo da gatari."

Da ƙura ta lafa muka haɗu mu biyar, muka rubuta doka huɗu kacal, muka saka wa mambobi suka yi gyara. Ta farko ita ce ba a yi wa mai tambaya dariya. Aka ce jan kunne a fili tukuna, sai rufe baki na kwana uku, sai cirewa, kuma cirewa sai admin biyu sun yarda, ban da wanda rigimar ta shafa. Duk saƙon da aka goge sai an faɗi dalili a layi ɗaya. Wannan layin ya fi komai ba ni wahala, don sau da yawa in na zo rubuta dalilin sai in ga ba ni da shi, haushin mutumin kawai nake ji, dole in bar saƙon a inda yake.

Tambayoyi suka dawo a hankali. Malamar nan ta fara sakawa a zaure. Yaron mai bakin caji kuwa har na sauka bai ƙara cewa komai ba.

Kuma an yi asara, kada in ɓoye. Akwai tambayoyin da a da minti biyar ke isa, yanzu sai su kwana uku. Wata rana wani ya saka hoton wayar da ta faɗa ruwa, an wanke, an busar, tana kamawa bayan daƙiƙa goma ta mutu. Kowa ya faɗi nasa, ba wanda ya dace. A rana ta huɗu na nemo lambar Injiniya, na tura masa hoton, na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da wannan." Ban yi zaton zai kula ni ba. Kafin in ajiye wayar ya dawo da hoton, ya zagaye wani ɗan ƙaramin abu kusa da mahaɗin batir da jan layi, ya rubuta abin da za a auna da abin da za a canza. A ƙasa ya ƙara layi biyu a kan zauren jahilai da admin ɗinsu. Na kwafi na saman na saka a zaure, na ce daga wani ƙwararre ne. Na ƙasan na bar shi a wayata. Da yamma mai wayar ya rubuto cewa ta tashi.